Farantin Teta Mai Ɗigo Uku

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, har da wadda ta rubuto tana tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. Ba a ɗaura komai ba 'yar'uwa, ban ma sani ba ko za a ɗaura.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Nermin, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a kantin magani a nan Iskandariya. Gidanmu a hawa na huɗu yake, ni da Baba da Mama da Teta Ni'imat, mahaifiyar Baba, wadda idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya. Mu'utaz kuma shi ne mai gyaran injin jiragen ruwa ɗan unguwar Anfushi, wanda ya zo da mahaifiyarsa da kwalin kayan zaƙi ya nemi aurena. Ya samu aiki a Safaga, can bakin Bahar Maliya, tafiyar yini guda a mota, kuma can za mu zauna. Ina son shi, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba.

Baba ya ce zai bincika, kamar yadda kowane uba yake yi. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya goge takalmi, ya tafi unguwarsu. Da ya dawo ko sallamar kirki bai yi ba.

"Yaron nan ba zai shigo gidana ba," ya ce, yana cire agogo.

Na tari gabansa. "Baba, me ya yi?"

"Wata dattijuwa a benensu ta tare ni a matakala. Ta ce da kunnenta take jin yana yi wa uwarsa tsawa. Ta ce har hannu ya taɓa ɗaga mata."

"Wallahi ƙarya ne! Wace ce ta faɗa?"

"Na rantse mata ba zan faɗi sunanta ba. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan kira kawunsa in ba su haƙuri. Magana ta ƙare."

In kun san Baba za ku san babu laifin da ya kai wannan a wurinsa. Mutum ne da ba ya fita da safe sai ya sumbaci hannun Teta. Mama kuwa kamar jira take, tun kafin ya gama cire safa ta fara.

"Ni dama ƙamshin man inji bai taɓa kwanta min ba. Ga ɗan ƙawata likitan haƙori, gidansa a gyare, motarsa a ƙofa. Shekara ashirin da bakwai fa, Nermin! 'Yan ajinku har sun fara kai yara makaranta."

Na shige ɗakin Teta na rufo ƙofa.

Bari in gaya muku yadda muke da Teta. Tun da idonta ya fara dushewa, kullum bayan la'asar ina zama a gefen gadonta da shayi mai na'a-na'a, ina karanta mata. Ba ta son littafin soyayya, ta ce ta riga ta ga yadda abin yake ƙarewa. Ba ta son mai jini da bindiga. Abin da muke so mu biyu shi ne irin labaran nan na ban dariya, inda wata tsohuwa mai shisshigi ke gano ɓarawo alhali 'yan sanda suna can suna hamma. Wadda muka fi ƙauna ita ce Madam Fardos, tsohuwar mai gyaran gashi ce a wani ƙaramin gari, tana da kyanwa mai ƙiba da maƙwabci mai kurman ƙarya. A garin nan in an sace abu, to ɗan kunne ne ko agwagwar liman. Ko an mutu ma, wanda ya mutu ba ya da daɗin zama dama. Ana shan shayi, ana gulma, ana dariya, a babin ƙarshe kowa ya taru a falo a nuna mai laifi, kuma mai laifin bai taɓa zama wanda kake so ba.

Na sha tambayar kaina me ya sa nake gudu zuwa gare su. Ina wuni a kanti ina kallon mutane suna mayar da rabin maganinsu saboda ya fi ƙarfinsu, ina jin labaran da ba su da babin ƙarshe. Sai in dawo gida in buɗe littafi, in tarar da garin da duk abin da ya ɓace zai dawo kafin shayi ya huce. Teta kuma takan gano mai laifi tun a tsakiya, ta bugi cinyata ta ce, "Mai gidan burodin ne, ki rubuta ki ajiye!" Kusan kullum ita ke da gaskiya.

Ranar nan ban iya karatu ba, kuka kawai nake yi a kan bargonta. Ta lalubo kaina tana shafawa.

"Ya isa, ya isa, za ki jiƙa min gado mutane su ce ni ce. Tashi. Madam Fardos kuka take yi in abu ya rikice?"

"Teta, wannan ba littafi ba ne."

"To me? Tsofaffi nawa ne a benen nasu? Ki je ki ga idon kowacce. Ke ce ƙafa, ni ce kai."

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Na share hawaye, na tura wa Shirin ƙanwar Mu'utaz saƙo, don ita kaɗai na iya gaya wa abin da aka ce. Ta amsa da hoton fuska mai kuka har layi biyu, sannan ta rubuto cewa tsofaffi uku ne. Akwai Umm Sabri ta ƙasa wadda ba ta ji sosai, akwai Tant Aida, wato Anti Aida, da suka taɓa faɗa da mamarsu a kan shanya, sai Tant Inshirah ta hawa na biyu, gwauruwa, ba ruwanta da kowa.

Na karanta wa Teta.

"Ta shanyar ce," ta ce nan take. "Ki matsa mata. Ki bar mai ciwon gwiwar nan, ina ta ga ƙarfin tsayuwa a matakala?"

Shi kuwa Mu'utaz bai san komai ba. Da yamma ya turo:

"Baba ya ce wani abu?"

"Yana tunani. Ya ce sai Juma'a."

"Na ga wani gida a Safaga, tagar kicin tana kallon teku. Na ce wa mai gidan matata tana son haske."

Na daɗe ina kallon kalmar matata. Na rubuta, na goge, daga ƙarshe na tura masa hoton zuciya kawai na kifa wayar.

Ranar Laraba na sa doguwar rigata ruwan zaitun da farin mayafi, na ɗora farar rigar aiki a kai, na saka na'urar awon jini a jaka. Dabarar Teta ce, wai in ce kantinmu ne ke zagayawa ana auna tsofaffi kyauta. Shirin ta tare ni a bakin titi, tana ta rawar jiki kamar za mu fasa banki.

Umm Sabri ta ba mu shayi, ta miƙo hannu. Na ce, "Kina jin hayaniya daga sama?" Ta ce, "Amin, 'yar nan, ke ma Allah ya ba ki." Muka fito Shirin tana danne dariya da mayafi.

Tant Aida kuwa ba ta bari na ɗaura mata na'urar ba sai da ta zazzage mana komai.

"Gidan su wannan? Hmm! Uwarsu ba ta iya matse kaya ba, shekara da shekaru ruwan wandunansu yana ɗiga a kan zanin gadona. Ke Shirin, ki gaya mata na faɗa."

"Shi yaron fa?" na tambaya, ina yi kamar ina duba lamba. "An ce yana da zafi."

"Wa? Mu'utaz? Wannan da ke goya uwarsa ya hau da ita bene in ƙafarta ta kumbura? Ni haushinsa ma nake ji, don nawa ɗan ko waya sai da salla. Nawa ne jinin? Kar ki ɓoye min, na san su ne suka hawar min da shi."

A matakala na ce wa Shirin mu tafi kawai, saura ai mai ciwon gwiwa. Ta tsaya ta kalle ni.

"Ya aka yi kika san Tant Inshirah tana ciwon gwiwa? Ban gaya miki ba."

Na kau da kai. Na ce wataƙila ta faɗa ta manta, tsofaffi ai duk gwiwa ce. Amma na tuna a bakin Teta na ji maganar gwiwar, na ce mu ƙwanƙwasa.

Tant Inshirah 'yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙar riga, gidanta tsaf, hoton mijinta a bango da baƙin ƙyalle a kusurwa. Ta tarbe mu da fara'a har sai da Shirin ta ce, "Wannan ce Nermin." Sai fara'ar ta tsaya cak. Da na ɗaura mata na'urar, zuciyarta gudu take kamar ta hau bene a guje. Ba ta yarda mun haɗa ido ba ko sau ɗaya.

Na ce zan wanke hannu, ta nuna min kicin. Akwai ƙullun fulawa a rufe cikin kwano, da dabino da aka cire wa ƙwallo. A gefen wurin wanke-wanke kuma ga wani farin faranti mai shuɗin baki, an jingine shi shi kaɗai, ba a haɗa shi da na gidan ba.

Kun san dai yadda faranti ke yawo tsakanin gidaje, shi ya sa kowace mace take yi wa nata alama da jan farce a ƙasa. Ta Mama layi ɗaya ce. Ta Teta ɗigo uku ne masu kauri, don ta riƙa ji da yatsa, kuma ni nake sabunta mata su duk shekara kafin azumi. Ban san lokacin da na juya farantin ba. Ɗigo uku, na ukun ya ɗan zurara gefe, inda hannuna ya goce bara da Mama ta kira ni.

Na mayar da shi yadda yake. Na wanke hannu har ruwan ya fara ƙona ni.

A hanyar gida babu uzurin da ban nemo mata ba. Wataƙila farantin ya bi ta gidan maƙwabta ne ya yi ta yawo har ya kai Anfushi. Wataƙila wata ma tana yin ɗigo uku. Teta da ba ta sauka ƙasa sai za a je asibiti, Teta da ta ce min ba ta san kowa a unguwar su Mu'utaz ba, ina ita ina Tant Inshirah? Da na shiga ɗakinta tana zaune tana jirana, ta sa an kawo shayi kofi biyu.

"Mai bincike ta dawo! Ba ni labari, kar ki tsallake komai."

Na ba ta labarin Umm Sabri, ta yi dariya har da tari. Na ba ta na shanya. Na ce ta ukun ba ta nan. Ta ce, "Ai na gaya miki ta shanyar ce, makira," ta miƙo min littafi. Na karanta mata babi biyu. Madam Fardos ta ɓuya a cikin kwabar kayan liman, kyanwarta ta tona mata asiri, Teta tana ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa ban san me bakina ke faɗa ba.

Alhamis ban ci abincin kirki ba. Mama ta shigo ɗakina da hoton likitan haƙori a waya, ta ce ko kallo ne in yi. Mu'utaz ya turo hoton tagar kicin. Na yi ta addu'a Allah ya sa ni ce ban iya bincike ba.

Juma'a da tsakar rana, Baba ya tafi masallaci tun da wuri, Mama tana wanka. Sai na ji muryar Amm Shahata mai madara daga titi.

"Kwando, mutanen sama! Kwando!"

Na fita baranda na zura kwandon da igiya kamar kullum. Da na fara jawowa na ji ya fi nauyin madara.

"Akwai saƙon Hajiya Ni'imat daga Anfushi!" ya ɗaga murya, duk titi na ji. "Ta ce a gaishe ta, a yi haƙuri faranti ya daɗe!"

An naɗe shi a farin ƙyalle, da ɗuminsa. Na buɗe. Cike yake da gurasar dabino, an jera ta da kyau, an barbaɗa riɗi.

Na kai shi ɗakin Teta na ajiye mata a cinya. Ta shinshina. Ta zura yatsa ƙarƙashi ta shafa ɗigon ɗaya bayan ɗaya.

"Inshirah ba ta da hankali," ta ce a hankali. "Tun muna 'yan mata a makarantar ɗinki haka take. Na aika mata basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, na ce ta riƙe farantin, ta riƙe shi har abada. Ta iya tsayawa a gaban ɗana ta yi ƙarya, amma ba ta iya kwana da farantin mutane ba. Kuma ba za ta dawo da shi wayam ba, wai kar a ce ba ta da tarbiyya."

"Teta." Na matso kusa da ita. "Ke ce?"

"Kin yi kyau. Ni ma da ni ce, ta farantin zan bi."

"Kar ki yi min wasa! Kin san abin da kika sa aka ce a kansa? Mutumin da ke goya uwarsa a baya!"

"Tsawa kawai na ce ta ce. Hannun ita ta ƙara, dama ba ta iya dafa abu ba gishiri ya yi daidai."

"Kika zauna kina shafa min kai ina kuka. Kika tura ni gidan mutane da na'ura kamar wata sakarai!"

"Na ɗauka za ki zagaya ki gaji, ki dawo." Ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryata, idanun nan farare-farare. "Safaga, Nermin. Na tambayi Shahata, ya ce in ka fita da asuba sai dare. Uwarki tana ba ni abinci, ban ce ba ta yi ba. Ubanki yana sumbatar hannuna ya wuce. Wa ke zama? Tun da idon nan ya tafi, ba na ganin komai sai abin da ya fito daga bakinki. Garin Fardos na san shi lungu-lungu, na fi sanin shi a kan falon gidan nan. In kin tafi, bango zan yi ta kallo, shi ma ba ganinsa nake ba."

"Da sai ki gaya min."

"In ce me? Ki fasa aure ki zauna da tsohuwa? Ina da kunya ai."

Dariya ta kusa kuɓuce min don baƙin ciki. Tana da kunyar roƙo, amma ba ta ji kunyar ɓata sunan bawan Allah ba. Na tsane ta a lokacin nan, ba zan ɓoye muku ba. Kuma ina kallon hannunta yana lalubar bakin farantin, na ji kamar in rungume ta. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin abu biyun nan a lokaci guda ba.

Ku duba inda aka ajiye ni. In na yi shiru, Baba zai kira kawun Mu'utaz, shi ke nan, kuma Mu'utaz zai rayu da tabon abin da bai yi ba, bai ma san an shafa masa ba. In na yi magana, Baba zai ji cewa uwar da yake sumbatar hannunta ce ta sa aka yi masa ƙarya a matakalar mutane. Mama kuma ta daɗe tana cewa lokaci ya yi da Teta za ta koma gidan Baffa a garin Tanta, inda matarsa ba ta ko gaishe ta. Yau za ta samu hujjar da take nema. A littafi, in an nuna mai laifi sai ɗan sanda ya tafi da shi, a zuba sabon shayi. Babu littafin da ya gaya min abin da ake yi in mai laifin ita ce ta koya maka kitso.

"Saura babi ɗaya," Teta ta ce, ta lalubo littafin a gefen matashi ta buɗe shi a cinyarta, a juye. "Ni na san wanda ya saci agwagwar. Amma ina so in ji daga bakinki."

Ban karɓa ba. Wayata ta yi ƙara, Mu'utaz ne: "Na yi mana addu'a a masallaci. Yau ne ko?"

Sai ga ƙarar makulli a ƙofa. Baba ya shigo da farar jallabiyarsa da ƙamshin turare, ya zo kai tsaye ɗakin Teta kamar yadda ya saba, ya sunkuya ya sumbaci hannunta. Wayarsa tana ɗaya hannun, na hango sunan kawun Mu'utaz a buɗe, dannawa kawai ya rage. Ya ga farantin, ya ɗauki gurasa ɗaya ya gatsa.

"Masha Allah, wannan hannun tsofaffi ne. Daga wane gida?"

Mama ta leƙo daga ƙofa da tawul a kanta, ita ma tana jiran amsa.

Teta ta kamo gefen rigata ta ƙasa, inda ba mai gani, ta riƙe gam.

"Tambayi Nermin," ta ce. "Ita ce mai binciken gidan nan."

Na kalli Baba yana tauna, hankalinsa kwance. Na kalli wayar.

"Baba," na ce, "ajiye wayar nan, ka zauna."

Na ji yatsun Teta sun saki rigata ɗaya bayan ɗaya. Ta lalubi littafin da ke cinyarta, ta rufe shi.